Malam Madori a Saman Benen Muttaka

Duk wanda ya taɓa kai mukayyif gyara a unguwar Zahir da ke Makka, da wuya bai san Muttaka ba, ko da sunan bai zauna masa ba. Mukayyif shi ne abin da mutanen Makka ke kiran na'urar sanyaya ɗaki, kuma a garin da bango ke ɗaukar zafi tun hantsi, mai gyaranta ba ya rasa masu gaishe shi a hanya. Shagonsa ɗan ƙarami ne, tsakanin mai facin taya da mai sayar da ful da tamis, wato dafaffen wake da burodi. Shi kuwa dogo ne, furfura ta fara cin gemunsa, kuma yakan kara kunne a jikin na'ura ya saurara kafin ya ɗauki sukudireba. A shago Abu Rayyan ake ce masa, da sunan ɗansa da ke aiki a Riyad. Larabci yake yi da kowa, har da 'yan uwansa Hausawa. Sai ya koma gida a unguwar Utaibiyya harshensa ke juyawa, domin mahaifiyarsa, Inna Ɗaso, ba ta yarda a yi mata zancen kirki da Larabci ba. Tana ji sarai, a Makka ta yi aure, a nan ta tsufa. Amma cewa take yi in an yi haihuwa ko rasuwa, a gaya mata da Hausa, ta fi ji a jikinta.

A Makka aka haifi Muttaka, lokacin da babu jirgin ƙasa a garin, ko na Mina da Arfa ba a shimfiɗa ba. Bai taɓa sa abin a ransa ba sai da ya haura shekara arba'in. Wata rana ya je haraj a Jidda, kasuwar tsofaffin kaya, neman wani ƙarfen mukayyif da aka daina kawowa. Bai samu ba. Abin da ya samu shi ne wani kwali a ƙarƙashin tarin faranti, a ciki da baƙin kan jirgin ƙasa na wasa wanda bai wuce tsawon tafin hannu ba, da 'yan taragu, da guntayen layin dogo. Ya kawo gida, ya kwance kan jirgin, ya goge tsatsar injin, ya ɗiga masa mai da tsinke, ya haɗa wuta. Abin ya yi 'yar gurnani, ya motsa, ya kama zagaye a kan tayil. Matarsa Samah ta kira shi cin abinci har ta gaji, ta zo ta same shi kwance rubda ciki, kumatunsa a ƙasa, yana kallon ƙafafun jirgin suna wucewa ta gaban idonsa.

"Abu Rayyan, lafiya?"

"Zo ki kwanta ki gani ta nan. Ta nan ya fi."

"Ni da gwiwar nan? In na kwanta wa zai tashe ni?"

Tun daga ranar ɗakin tarkace na saman bene ya zama nasa. Bayan la'asar, in ya rufe shago da wuri, can yake hawa da butar shayi. Sana'arsa ta ba shi rabin kayan aikin kyauta. Farin soson da ake naɗo sabon mukayyif da shi, shi yake yankawa ya yi tudu da kwari. Wayar tagulla ta injin da ya ƙone, ita yake murɗawa ta zama bishiya. Layin dogo da taragu kaɗai yake aikawa a kawo masa daga waje. Kuma yana da tsanani a kan awo: in mutum a wannan ƙaramar duniya bai wuce gaɓar yatsa ba, to dole ƙofa ta zama daidai shi, taga daidai ƙofa. Ya sha rushe ginin da ya ɓata masa makonni don kawai matakalarsa ta yi wa ƙofar girma.

Da farko abin da ke jikin kwalin ya kwaikwaya, korayen tuddai da gidaje masu jan rufi. Ya gama, ya yi kyau, ya zauna yana kallo, sai ya ga bai san kowa a gidajen ba. Ya bar shi yana shan ƙura.

Inna Ɗaso ce ta ba shi abin ginawa, ba da niyya ba. Labarin zuwansu Makka ya sha jinsa tun yana yaro. Ba ta wuce shekara tara ko goma ba mahaifinta ya sayar da gona ya ɗebi iyalinsa zuwa hajji. Suka hau jirgin ƙasa a Malam Madori zuwa Nguru, daga nan mota, daga nan ƙafa, aka yi shekaru a Sudan ana tsinkar auduga ana tara guzuri, sannan jirgin ruwa. Ba ta sake komawa ba. Duk sauran tafiyar takan ba da ita a taƙaice, kamar mai ƙirga kayan wanki. Amma in ta zo kan tashar nan, sai ta ajiye carbi, hannuwanta su shiga zancen.

A shekarar da ta wuce likita ya duba idanunta ya ce ruwan cikinsu ya yi ƙarfi. Ya ba da maganin ɗigawa, ya ce zai rage saurin abin, amma ganin da ya tafi ba ya dawowa. Gefe-gefe ya riga ya dushe, saura tsakiya, kamar mai leƙe ta bakin bututu. Ita ba ta ɗauki abin da zafi ba. Ta ce ta ga Ka'aba, ta ga jikoki, me ya rage? Shi ne ya kasa cire maganar daga ransa a hanyarsu ta komawa gida. Kafin su kai Utaibiyya ya ƙulla cewa zai gina mata tashar Malam Madori, ta gan ta da idonta tun da sauran gani, ta kuma ce da bakinta ita ce.

Tun da ba ta iya hawa bene, sai ya yi ginin a kan wani tsohon ƙyauren ƙofa, yadda shi da Samah za su iya sauko da shi. Hotunan da ya samu a waya kaɗan ne, kuma na yau ne, saboda haka da tambaya ya yi aikin. Rufin kwano ne? Ta ina rana ke faɗuwa? Ya ɗauki watanni. Ranar da suka sauko da shi falo, suka ɗora a kan tebur, Inna Ɗaso ta matso da kujerarta, ta sunkuya, ta karkata kai ta bi shi daga wannan gefe zuwa wancan. Sai ta fashe da dariya har tana tari.

Shi ɗan fari ne, ba ta taɓa kiran sunansa ba. Ɗan Makka take ce masa.

"Kai Ɗan Makka, waɗannan baƙaƙen fa da ke bayan tashar?"

"Duwatsu ne, Inna."

"Duwatsun wa? Wa ya kai su?"

"To me ke bayan garin?"

"Ba komai."

"Yaya ba komai? Dole akwai inda gari ya jingina."

"Samah, zo ki ji mijinki. Wai gari jingina yake yi. Kai, can in ka tsaya, idonka ne zai gaji ya dawo. Ƙasa ce shimfiɗe kamar faifai, fara-fara, sai kuka nan, gawo can."

Muttaka ya tsaya yana kallon duwatsunsa. Ya ba su lokaci fiye da komai, har tsagewar jikinsu ya zana, irin na bayan Utaibiyya da yake gani ta taga tun yana rarrafe. Ko sau ɗaya bai tambaye ta game da su ba, domin bai taɓa zaton akwai garin da ba shi da su ba. Shi ma ya yi dariya, ya ɗauko wuƙa a nan gabanta ya sare su.

Karo na biyu ya fi kyau nesa. Ya tankaɗe yashi ya gauraya da ɗan garin bulo har ta ce launin ya yi kusa. Ya yi kuka mai ƙaton ciki da wayar tagulla da gam, ya yi tankin ruwa a kan dogayen ƙafafu, ya jera buhunan gyaɗa da ya ɗinka ɗaya bayan ɗaya da ƙyallen bandeji. Rufin kwanon ma sai da ya sa masa tsatsa a inda ruwa ke zuba. Wannan karon ba ta yi dariya ba. Ta daɗe tana kallo. Ta sa yatsa ta shafa kukar, ta bi layin dogon har ƙarshen katakon. Muttaka yana tsaye a bayanta, ya kasa zama.

"An yi annoba ne?" in ji ta.

"Na'am?"

"Ina mutanen? Ginin shi ne, tankin shi ne. Amma ranar nan ko wurin sa ƙafa babu. Masu rakiya sun fi matafiya yawa. Masu ƙosai, masu rake, masu kuka, masu yi wa masu kuka faɗa. Wannan ai kango ne. Ba daga nan na tashi ba."

Nan ne gizo ke saƙa, kuma su duka ukun sun sani. Marigayi Malam Salihu, mahaifin Muttaka, bai yarda da surar mai rai a gidansa ba. Ko kalanda aka kawo mai hoton tsuntsu, sai ya yanke tsuntsun kafin a rataya. Muttaka ba malami ba ne, bai taɓa yi wa wani wa'azi a kan wannan ba, yana da abokai a waya masu cika tashoshinsu da 'yan mutane, yakan yaba musu. Shi dai haka ya tashi, kuma ransa ya fi kwanciya da haka. Ko kwalin nan na haraj ya zo da 'yan mutanensa, mai jaka da mai hula, a nan wurin ya tsince su ya bar wa mai kayan.

Ya gwada ta duk da haka. "Inna, ana sayar da 'yan mutanen. In kin yarda, sai in aika a kawo."

"Mutum-mutumi? A gidan Malam? A'uzu billahi."

"To yaya kike so in yi?"

"Ni na ce ka gina? Kai ka ɗauko wa kanka. Tambayata ka yi, na gaya maka."

"Halas, shi ke nan, Inna ta gama magana," in ji Samah, tana danne dariya. "Kama can mu mayar."

Makonni suka wuce yana juya abin. Ya gwada tsinkaye marasa kai, ya naɗa musu ƙyalle, Samah ta leƙo ta ce sun yi kama da abin korar tsuntsaye a gona, shi ma da ya sake dubawa sai ya ji ba daɗi, ya cire. Ya je Mansur, inda 'yan Afirka ta Yamma suka fi yawa, ya ɗauko hayaniyar titi a waya, ya kunna mata a gefen tashar. Ta saurara ta ce, "Wannan mai hon ɗin, a kan jaki yake?" A cikin kwanakin ne kuma ya lura ta fara laluben kofin shayinta kafin ta ɗauka, abin da ba ta yi a da. Daga nan ya rage zaman hira a bakin shago.

A Mansur ɗin dai ya samu mafita, ranar da bai je nema ba. An kira shi gyara a wani shagon atamfa, yana kan tsani, kansa cikin mukayyif, aka kira la'asar. Ya sauko ya wanke hannu, ya fito zai bi sahu, sai ya tsaya a bakin ƙofa. Titin da ɗazu ba a jin maganar juna ya yi tsit. Mai tsire ya rufe tirensa da takarda ya tafi, hayaƙi na tashi shi kaɗai. Ga kujerar mai goro, ga buhunsa a jiƙe. Ga amalanke an jingine, da rabin kaya a kai. A ƙofar masallaci takalma sun yi tuli har kan titi. Ba kowa, amma ba wanda zai kalli wurin ya ce kango ne. Abin da yake gani kullum ne tun yana yaro, bai taɓa tsayawa ya dube shi ba. Sai da ya ji an tayar da iƙama ya ankara ya ruga.

Da ya koma gida ya zauna kusa da ita. "Inna, ranar nan, yaushe jirgin ya zo?"

"Tun safe muke zaune. Sai da rana ta karkata."

"Kun yi salla a tashar ke nan?"

"A'a, mun bar ta a gida. Wace irin tambaya ce wannan? Bayan ofishin aka yi, inda inuwa take."

"Ɗayyib, madalla," in ji shi, ya miƙe.

"Ɗayyib me?"

Ya riga ya kai matakala.

Wannan aikin ya fi duk na baya ɗaukar hankalinsa, kuma ya fi masa daɗi. Samah ta zazzage masa jakar guntayen atamfarta, ya yi ta ƙulla ƙunshin kaya da hantsaki. Ya saƙa tabarmi da zaren kabar dabino, wasu a shimfiɗe, wasu a naɗe an jingine da bango. Ya raba busasshen wake biyu ya rarake, ya zama ƙwarya. Ya yi butoci da dutsen ado da guntun waya, ya ɗiga gam mai sheƙi a ƙasa inda aka yi alwala. Ya yi murhun mai ƙosai da kaskonta, da tsinin rake a jingine. Akuya ma mai rai ce, saboda haka turke ya kafa da igiya, igiyar ta zagaya bayan tankin ruwa, ya watsa 'yan ƙwayoyin habbatus sauda a wurin.

Samah ta ɗauki ɗaya ta duba. "Wannan fa?"

"Shaidar akuya."

"Allah ya shirye ka, Abu Rayyan. Habbar tawa?"

Takalman ne suka ba shi wahala. Ya yanka su daga fatar tsohon walat ɗinsa, daidai awo, sai ga su kamar ƙwayar shinkafa. Shi kansa da madubin ƙara girma yake ganinsu, balle Inna Ɗaso. Ya daɗe yana kallonsu a tafin hannu. Sannan ya zubar, ya sake yanka wasu, ninki biyu, waɗanda in da gaske ne sai dai ƙafar samudawa. Haka ya bi sauran kayan duka ya ƙara musu girma. Mutumin da ke rushe gini saboda matakala, ya jera takalman da suka kusa kai rabin ƙofar ofis, a kusurwar ginin inda ake zagayawa baya, kuma bai ji komai ba. A ƙarshen layin ya ajiye wasu 'yan ƙanana, ja.

Ranar Juma'a bayan an ci abincin rana suka sauko da shi. Ya buɗe labule don haske ya shigo sosai, ya ajiye jirgin a bakin tashar, ya miƙa mata madubin. Ta ture hannunsa.

"Ido huɗu zan yi? Matsa."

Ta sunkuya. Ta fara daga kukar, ta gangaro. Yatsanta ya ci karo da ƙunshin farko, ya tsaya. Ta matsa shi kaɗan, ta wuce na biyu, ta taɓa tabarma, ta taɓa buta. Haka ta bi har ta iso kusurwar ofishin. Nan ta kai fuskarta kusa, har numfashinta na motsa yashin.

"Sun tafi salla," in ji Muttaka a hankali.

"Na gani. Ba makauniya ba ce tukun."

Samah ta tsaya da tiren shayi a hannu, ba ta ajiye ba.

"Matan fa?" in ji Inna Ɗaso. "Mata ba su bi sahun maza ba."

Muttaka ya dubi tashar. Bai yi tunanin wannan ba. Kafin ya buɗe baki, sai ta riga shi.

"Au, muna bayan buhunan gyaɗa. Can muka ɓuya wa rana. Ba za ka gan mu ta nan ba." Ta nuna da haɓa. "Wancan kaskon na wata doguwar mata ne, ta ba ni ƙosai biyu ba ta karɓi komai ba, ta ce in na je in yi mata addu'a. Ban san sunanta ba. Na yi mata kuwa. Wannan ƙunshin mai shuɗi namu ne, amma ba nan yake ba, kawo shi kusa da tanki. Kawuna ne ya zauna a kai, har ya fasa mana ƙwarya."

Ya ɗauki hantsaki ya matsar da shi.

"Waɗannan jajayen na wa?"

"Naki ne, Inna."

"Nawa? Wa ya saya min? Cire. Ni takalmina na farko a Sudan aka yanka min, na taya. Ranar nan ƙasa nake takawa, tana ƙona ni, ina ɗaga wannan ina ajiye wannan."

Ya cire su ya sa a aljihun gaba. Samah ta ajiye tiren, ta zuba shayi, ta sa wa tsohuwar kofin a hannu. Inna Ɗaso ta jingina da kujera, amma ba ta ɗauke ido daga tashar ba.

"Inna," in ji shi, "ita ce?"

"Kai dai akwai son a yaba maka. To daga ina kake so in ce na tashi, in ba nan ba?"

Muttaka ya saki numfashi. Ya durƙusa, ya jona wayar, ya kai hannu kan maɓallin da ke tayar da jirgin. Ta kai wa hannun duka.

"Kai! Me za ka yi?"

"Zan tayar miki ki ga yana tafiya."

"Ka tafi ka bar su? Mutane na salla, kayansu a ƙasa? Wane irin direba ne kai? Bari su idar."

Ya janye hannunsa, ya zauna a ƙasa kusa da ƙafafunta, ya karɓi nasa shayin.

"Limamin nan kuwa," in ji ta, "tsoho ne, ba ya sauri. Sha shayinka."